Rauni ko cuta? Nazarin kalmomin gardamar tsofaffin sojojin Amurka a kan kuɗin naƙasa

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bayani a kan gardamar da ke tsakanin tsofaffin sojojin Amurka, su ya su, game da kuɗin naƙasa da gwamnati ke biya saboda ciwon da ake taƙaita sunansa PTSD. Ra'ayin da muke karewa shi ne cewa suna ɗaya aka ɗora wa aiki uku: shi ke buɗe ƙofar magani, shi ke yanke yawan kuɗi, shi ne kuma ke raba daraja tsakanin mazan fama. Tun da yake ba a ganin ciwon da ido, magana ita ce shaida, shi ya sa rikicin ya koma kan kalmomi. A ƙarshe za mu duba abin da wannan ke jawo wa mai fassara zuwa hausa.

0. Gabatarwa

Ciwon da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira PTSD a ingilishi, TSPT a faransanci (trouble de stress post-traumatique), yana kama mutumin da ya tsallake rijiya da baya, ko aka yi masa mummunan rauni ko fyaɗe, ko kuwa ya ga an yi wa wani haka a gabansa. Alamominsa kashi huɗu ne. Abin da ya faru yana dawo wa mutum a mafarki ko a farke. Yana gudun duk abin da zai tuna masa da shi. Tunaninsa da halinsa suna canzawa, ya riƙa zargin kansa ko ya janye daga mutane. Kullum kuma yana cikin ɗar-ɗar, ba barci, ƙaramin motsi ya sa shi zabura. Sai alamomin sun wuce wata ɗaya ake ba su wannan suna. A nan za mu kira shi ciwon bayan-firgita. Dalilin wannan zaɓi yana sashe na 6.

Mai karatu yana iya tambaya abin da ya shigar da masanin harshe cikin sha'anin likita. Sojan da nakiya ta cire wa ƙafa ba ya bukatar dogon bayani, jiki magayi. Amma ciwon bayan-firgita ba shi da gwajin jini ko hoton ƙashi da zai tabbatar da shi. Soja ne ke faɗi, likita ya juya maganarsa zuwa kalmomin likitanci, ma'aikacin ofis ya juya na likita zuwa lamba, lambar kuma ta zama kuɗi a ƙarshen wata. Wato fassara ce hawa uku cikin harshe ɗaya, kuma a kowane hawa akwai wurin saɓani.

1. Tarihin sunaye

Sunayen da aka ba wannan ciwo suna da yawa, amma idan aka duba ma'anarsu sai a ga sun kasu biyu: waɗanda ke aje sanadi a waje, wato a filin daga, da waɗanda ke aje shi cikin mutumin kansa.

A 1889 likitan Jamus Hermann Oppenheim ya wallafa littafinsa a kan abin da ya kira ciwon jijiya na bayan haɗari (névrose traumatique), inda ya ɗora laifi a kan haɗarin. Amma da zarar dokokin inshora sun fara biyan ma'aikata diyyar haɗari, sai sunaye na kashi na biyu suka bayyana. A Faransa, shekaru goma bayan dokar haɗarin wurin aiki ta 1898, Édouard Brissaud ya ƙirƙiro kalmar sinistrose domin ma'aikacin da tunanin diyya ya mamaye shi har ya kasa warkewa. Jamusawa suka ce Rentenneurose, wato ciwon son fansho, kuma a 1926 hukumar inshora ta ƙasarsu ta yanke cewa irin wannan ciwo ba ya ba da haƙƙin diyya.

A yaƙin duniya na farko, Charles Myers ya yi amfani da sunan shell shock, wato girgizar harsashin igwa, a mujallar likitanci The Lancet a 1915. Rundunar Ingila ta raba masu ciwon gida biyu da harafi ɗaya tak. Wanda aka rubuta wa W ana lissafa shi cikin waɗanda abokan gaba suka raunata, yana da alamar rauni a hannun riga. Wanda aka rubuta wa S marar lafiya ne kawai, ba alama, kuma samun fansho ya yi masa wuya. Wannan rabo tsakanin rauni da cuta shi ne ƙashin bayan gardamar har yau.

A yaƙin duniya na biyu Amurkawa sun fi son sunan gajiyar yaƙi, domin gajiya abu ce da ake hutawa ta wuce, a koma bakin daga. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ake kira DSM, ya tanadi wani suna na ciwon wucin gadi a bugunsa na farko a 1952, amma bugu na biyu ya cire shi a 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Sojojin da suka dawo daga can sun tarar babu sunan da za a rubuta masu a takarda. Su da likitoci irin su Chaim Shatan da Robert Jay Lifton suka shafe shekarun 1970 suna fafutuka, har bugu na uku ya shigar da PTSD a 1980.

Abin lura game da sabon sunan abu biyu ne. Na farko, ya maido da sanadi waje: abin firgitar ne ya jawo ciwon. Na biyu, ƙwayar ma'anar «bayan» ba ta da iyakar lokaci, saboda haka wanda ya bar soja shekaru ashirin da suka wuce yana iya kawo kukansa.

2. Yadda tsarin yake aiki

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta VA, ita ke biyan kuɗin. Dokarta ta gindaya sharuɗɗa uku: likita ya tabbatar da ciwon, a samu shaidar cewa abin firgitar ya auku lokacin aikin soja, likita kuma ya haɗa alamomin yanzu da wancan abu. Ma'aunin shaida ba mai tsanani ba ne. Idan hujjoji suka yi kusan kunnen doki, doka ta ce a ba tsohon soja gaskiya.

Bayan haka sai a yanke yawan naƙasar. Tun 1996 ma'auni ɗaya ake amfani da shi ga kusan dukan cututtukan ƙwaƙwalwa, mai matakai shida. Ga su, tare da kuɗin wata-wata na shekarar 2024 ga wanda ba shi da iyali a wuyansa:

kashi 0: akwai ciwon, amma ba ya hana aiki ko zaman jama'a; babu kuɗi;
kashi 10: alamomi masu sauƙi, ko waɗanda magani ke dannewa; dala 171;
kashi 30: aiki yana raguwa jefi-jefi; dala 524;
kashi 50: ba a iya dogara da mutum a wurin aiki kamar da; dala 1075;
kashi 70: tawaya a mafi yawan fannonin rayuwa, kamar aiki, karatu, iyali da tunani; dala 1716;
kashi 100: gazawa gaba ɗaya a aiki da zaman jama'a, dala 3737.

Ba a cire haraji a wannan kuɗi. Mai karatu zai lura da abubuwa biyu. Na ɗaya, iyakokin matakan duk kalmomin kimantawa ne, irin su «jefi-jefi», «mafi yawan» da «gaba ɗaya», waɗanda a nazarin ma'ana aka san ba su da tsayayyar iyaka. Na biyu, tazarar kuɗin ba daidai take ba: tsakanin «mafi yawan» da «gaba ɗaya» akwai fiye da dala 2000 kowane wata. Bugu da ƙari, bisa doka abin da ake aunawa shi ne matsakaicin asarar ikon neman abinci da ciwon ke jawowa. Yawan wahalar da mutum ya sha a yaƙi ko jaruntakar da ya nuna ba sa cikin lissafi. Sojoji da yawa kuwa da ma'auni na biyun suke karanta lambar, kuma daga nan ɓacin rai ke farawa: direban mota yana da kashi 70, wanda ya yi artabu gida-gida a Falluja yana da kashi 30.

3. Magana a matsayin shaida

Mu dubi waɗannan jimloli uku da muka ƙirƙira domin misali:

(1) Tsohon soja: «Tun da na dawo ba na barci.»
(2) Likita: «Yana da ciwon bayan-firgita, kuma aikin soja ne ya jawo shi.»
(3) Ma'aikacin VA: «An ba shi kashi 70.»

Bisa rabon da J. L. Austin ya yi a 1962, jimla ta (1) furuci ne na bayani (énoncé constatif), yana iya zama gaskiya ko ƙarya. Jimla ta (3) furuci ne mai aikatawa (énoncé performatif): faɗinsa shi ne yin abin, domin kafin a rubuta shi mutumin ba shi da kashi 70. Jimla ta (2) tana tsakani, siffarta ta bayani ce amma ƙarfinta na hukunci ne. Kamar yadda Pierre Bourdieu ya nuna a 1982, ƙarfin irin wannan furuci daga hukumar da ta ba mai magana izini yake fitowa. Wanda ke ɗauke da ciwon shi ne mafi ƙarancin iko a kan sunansa.

Akwai kuma matsalar salon magana. Tarbiyyar bariki tana koya wa soja rage abu: a tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau ko da yana jin jiki. Ganawar tantancewa kuwa tana bukatar akasin haka, shi ya sa masu taimaka wa tsofaffin sojoji wajen haɗa dosiye ke yawan ba su shawarar su bayyana ranar da ciwon ya fi tsananta masu. Wanda ya riƙe salon bariki sai ya fito da ƙaramar lamba, wanda ya koyi kalmomin ma'aunin ya fito da babba, alhali mai yiwuwa ciwonsu ɗaya. Na farkon zai ce na biyun ya yi ƙarin gishiri, na biyun ya ce na farkon girman kai ne ya cuce shi. Rahoton babban sufeton VA na 2005 ya nuna cewa matsakaicin kuɗin naƙasa na shekara ya kama daga kusan dala 7000 a jihar Illinois zuwa dala 12000 a New Mexico, kuma waɗanda ke da wakili mai tsaya masu sun fi samun kuɗi. Rahoton ya ambaci hukunce-hukuncen ciwon bayan-firgita cikin manyan dalilan wannan bambanci.

Daɗin daɗawa, VA tana da ikon sake duba mutum ta rage masa lamba idan ya samu sauƙi. Sai lamba ta shekara 20 ne ba a iya rage ta, in ba an kama zamba ba. Ke nan jimlar «na samu sauƙi», wadda ita ce burin likita mai magani, tana iya zama asara a gaban likita mai tantancewa.

4. Ɓangarorin gardama

Ɓangare na farko yana ganin tsarin yana saka wa rashin lafiya da lada. B. G. Burkett, wanda shi kansa ya yi aikin soja a Biyetnam, ya wallafa Stolen Valor tare da Glenna Whitley a 1998, inda ya tona asirin mutanen da suka ƙaga labarin yaƙi. A 2005 Christopher Frueh da abokan aikinsa suka binciki takardun soja na mutum 100 da suka je neman magani a wani asibitin VA: 93 suna da shaidar zuwa Biyetnam, amma 41 kaɗai takardunsu suka nuna sun shiga faɗa. Rahoton sufeton da muka ambata ya ƙara da cewa daga 1999 zuwa 2004 masu karɓar kuɗin wannan ciwo sun tashi daga kimanin dubu 120 zuwa dubu 216, kuɗin kuma daga dala miliyar 1,7 zuwa miliyar 4,3. Daniel Gade, hafsan da ya rasa ƙafa a Iraƙi a 2005, ya tafi da hujjar gaba a littafin Wounding Warriors na 2021, wanda ya rubuta tare da Daniel Huang. A ganinsa babbar illar ba ta maƙaryata ba ce: tsarin yana koya wa matashi mai gaskiya ya ɗauki kansa naƙasasshe, ya bar neman aiki, alhali aiki yana cikin abubuwan da ke taimaka wa warkewa.

Ɓangare na biyu yana ganin zargin ne ke cutar da mutane. Lokacin da VA ta ba da sanarwar sake duba dosiye dubu 72 a 2005, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da ƴan majalisa suka yi ca, har ministan lokacin, Jim Nicholson, ya soke shirin a watan Nuwamba, yana mai cewa abin da aka gani a samfurin farko gibin takardun ofis ne, ba zamba ba. A 2006 Bruce Dohrenwend da abokan aikinsa suka sake nazarin babban binciken ƙasa na 1988 a kan sojojin Biyetnam. Sun rage adadin waɗanda suka taɓa kamuwa daga kashi 31 cikin 100 zuwa kashi 19, amma sun tarar labaran sojojin sun dace da takardun rundunoninsu, kuma yawan ciwon yana hawa ne daidai da yawan wutar da mutum ya shiga. A 2011 binciken Maureen Murdoch ya nuna cewa bayan shekaru goma waɗanda aka ba kuɗin sun samu raguwar alamomi, kuma talauci da rashin matsuguni sun fi yawa a cikin waɗanda aka hana.

Abin da ya shafi masanin harshe a nan shi ne yadda ake karanta lamba ɗaya. Jimlar «41 kaɗai ke da shaidar faɗa» ba ta ce sauran 59 maƙaryata ba ne. Mai sauraro ne ke cike gurbin, abin da ake kira ma'ana ta ƙarƙashin zance (sous-entendu). Ɓangare na farko yana karanta shirun takarda a matsayin musu, na biyu yana cewa magatakardan runduna ba ya rubuta kowace roka da ta faɗo kusa da tanti.

Harshen bariki ma yana nuna wannan rabo. A yaƙin Iraƙi an ƙirƙiro kalmar ba'a fobbit, haɗin gambiza (mot-valise) tsakanin FOB, taƙaitaccen sunan sansanin gaba, da hobbit, ɗan halittar labaran Tolkien mai son zama cikin raminsa. Ana nufin sojan da ba ya fita daga shingen sansani. Idan irin wannan ya samu kuɗin naƙasa, abokansa na fagen fama suna jin an taɓa darajarsu, ko da kuwa ba a rage masu ko dala ɗaya ba.

5. Ƙananan kalmomi a gaban shari'a

5.1. «Kamar»

Kafin 1988 ba a kai hukuncin VA gaban kotu. A shekarar ne majalisa ta kafa kotu ta musamman. Tun daga nan alƙalai suka shiga aikin nazarin ma'ana. A kowane mataki na ma'aunin akwai jerin alamomi da aka gabatar da kalmomin such symptoms as, wato «alamomi kamar». Na kashi 100 ya ƙunshi gane-gane, rashin sanin lokaci ko wuri, da mance sunan kai, abubuwan da suka fi kama da wasu cututtukan daban. Kwamitin Cibiyar likitanci ta Amurka ya soki ma'aunin a 2007 saboda bai dace da ciwon bayan-firgita ba. Tambayar ita ce: jerin rufaffe ne ko buɗaɗɗe? A shari'ar Mauerhan ta 2002 kotu ta ce «kamar» tana gabatar da misalai ne, ba sai an samu kowace alama ba. A shari'ar Vazquez-Claudio ta 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara ƙaidi: alamomin da ba sa cikin jerin dole su yi daidai da na jerin wajen tsanani, yawan aukuwa da daɗewa. A shari'ar Bankhead ta 2017 aka yanke cewa tunanin kashe kai, ko babu shiri ko yunƙuri, yana iya isa ga kashi 70.

5.2. «Tsoro»

Kafin 2010, maganar sojan da aka tabbatar ya shiga faɗa ta isa shaida, amma direba, makanike ko ma'aikaciyar jinya sai sun kawo takarda. A Iraƙi da Afganistan kuwa babu tsayayyen bakin daga, nakiyar gefen hanya ba ta tambayar aikin mutum, kuma mata, waɗanda aka hana shiga rundunonin faɗa na ƙasa har 2013, sun fi shan wahalar wannan sharaɗi. A watan Yuli na 2010 VA ta sassauta: idan abin firgitar ya shafi tsoron harin abokan gaba ko na ƴan ta'adda, kuma likitan VA ya amince, maganar mutum ta isa. Shekaru uku bayan haka, bugu na biyar na DSM ya cire sharaɗin jin tsoro daga ma'anar ciwon, domin an lura cewa mutanen da aka horar, kamar sojoji, sau da yawa ba sa jin tsoro a lokacin, sai daga baya ciwon ya fito. Kalmar da likitoci suka fitar ta ƙofa ita ce doka ta riga ta shigar ta taga. Ga ɓangare na farko, dokar 2010 ta mai da shaida abin da ba a iya musawa. Ga na biyu, ta gyara rashin adalci.

5.3. Harafin ƙarshe

Harafin D na PTSD yana tsaye ne a madadin disorder, wadda ma'anarta ta karkata ga cuta ko tangarɗa. Janar Peter Chiarelli, mataimakin babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, ya roƙi likitoci su musanya ta da injury, wato rauni, domin a ganinsa matasan sojoji suna ƙin zuwa asibiti saboda kalmar. Ƙungiyar likitocin ta ƙi, bugun 2013 ya fito da tsohon suna. Wasu tsofaffin sojoji ma ba su so canjin ba, suna tsoron kada taɓa sunan da ke cikin doka ya taɓa kuɗin. Tun a watan Janairu na 2009 ma'aikatar tsaro ta bayyana cewa ba za a ba masu wannan ciwo lambar Purple Heart ta waɗanda aka raunata ba, kuma ƙungiyar masu lambar ta goyi bayan haka. Amma a 2011 aka fayyace cewa girgizar ƙwaƙwalwa da fashewar bam ta jawo tana iya ba da lambar, duk da ita ma ba a ganinta. Rabon W da S ke nan ya dawo bayan kusan shekaru ɗari.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A Faransa dokar 10 ga Janairu 1992 ta lissafa ciwon a matsayin rauni (blessure), kuma dokar 2016 a kan lambar waɗanda aka raunata a yaƙi ta haɗa raunin jiki da na ƙwaƙwalwa. Rundunar Kanada tun 2001 take amfani da sunan blessure de stress opérationnel a harkokinta, tana barin sunan DSM ga likitoci. Wato ta raba aikin daraja da aikin magani tsakanin sunaye biyu.

6. Matsalar fassara zuwa hausa

Mai fassara wannan gardama zuwa hausa zai tarar kalmominmu ba su yanka ma'ana a inda ingilishi da faransanci suka yanka ba. Mu dubi misalai:

(4a) An yi masa rauni a yaƙi.
(4b) Mutum ne mai rauni.
(5a) Cuta ta kama shi.
(5b) Wannan ciniki cuta ce.
(6a) Ya ji ciwo a ƙafa.
(6b) Yana ciwon kai.

Kalmar rauni a (4a) ita ce blessure, amma a (4b) tana nufin rashin ƙarfi, kamar a «raunin imani». Idan aka ce «raunin zuciya» ko «raunin ƙwaƙwalwa» domin a bi ra'ayin Chiarelli, Bahaushe zai ji ragwantaka ko ƙarancin basira, wato ainihin abin da ake gudu. Kalmar cuta kuma tana ɗauke da rashin lafiya a (5a) da zalunci ko zamba a (5b). A zancen da zargin ƙarya ya riga ya cika, wannan harshen damo yana da haɗari. «Taɓin hankali» ya yi nauyi, yana kai tunani ga hauka. Ciwo kuwa ya haɗa abin da ya zo daga waje (6a) da abin da ya taso daga ciki (6b) ba tare da yanke hukunci ba, shi ya sa muka zaɓe shi. Raunin wannan zaɓi shi ne yana ɓoye gardamar; inda ake son nuna ta, dole mai fassara ya ƙara bayani.

Haka kalmar diyya. Ta zo daga larabci da ma'anarta ta shari'a: akwai wanda ya yi ɓarna, akwai wanda aka yi wa, ana biya gwargwadon ɓarnar. Kuɗin VA, kamar yadda muka gani a sashe na 2, asarar ikon aiki yake aunawa, kuma yana iya sauka idan mutum ya warke. «Fansho» kuma yana sa a yi zaton ladan shekarun aiki ne. Mun ga «kuɗin naƙasa» ya fi kusa.

Cewa sunan kuɗi yana canza kuɗin ba baƙon abu ba ne ga tsofaffin sojojin Nijar da suka yi wa Faransa yaƙi. Dokar kasafi ta 26 ga Disamba 1959 ta musanya masu pension da indemnité annuelle, aka daskarar da adadin a inda yake (cristallisation), yayin da na abokan yaƙinsu Faransawa ke hawa. Sai bayan shari'ar Diop ta 2001 da hukuncin Majalisar tsarin mulki na watan Mayu 2010 aka daidaita kuɗin daga farkon 2011.

7. Kammalawa

Mun ga cewa sunan PTSD yana aiki a wurare uku masu bukatu daban-daban. Asibiti yana son suna mai faɗi wanda ba ya korar marar lafiya. Ofishin biya yana son suna mai iyaka wanda za a iya aunawa. Jama'ar sojoji suna son suna mai bambanta wanda ya sha wuta da wanda bai sha ba. Duk gyaran da ya gamsar da ɗaya yana ɓata wa wani, kamar yadda dokar 2010 da batun harafin D suka nuna. A 2022 VA ta gabatar da daftarin sabon ma'auni mai auna fannonin rayuwa biyar maimakon jerin alamomi, amma shi ma da kalmomin kimantawa aka gina shi. Ga ɗalibanmu masu aikin ƙirƙirar kalmomi (terminologie), akwai aikin da ke jira: a tattara yadda masu magana da hausa a Maradi, Damagaram da Tawa ke amfani da ciwo, cuta, rauni, firgita da ɗimuwa a zancen yau da kullum, kafin a tsayar da kalma ɗaya a ƙamus.